Zuwa ga aminiyata, kan batun jijiyar ƙanwarmu

Assalamu alaikum ƙawata,

Ya gida, ya yara, ya ƙafar Hajiya? Mu nan Alƙahira lafiya lau, sai aikin asibiti da ba ya ƙarewa.

Na karanta sakamakon hoton ƙanwarmu da kika turo. Abin da suka gani, jijiyar da ke kai wa saifa jini ce bangonta ya yi rauni a wuri ɗaya ya kumbura, kamar tiyub ɗin keke idan ya yi ƙulu. Cikin jijiyoyin da ke kai jini kayan ciki, ta saifa ce ta fi yin haka, kusan kashi 60 cikin ɗari, sai ta hanta ke bi mata. Mata ya fi kamawa, musamman masu haihuwa da yawa, kuma yawanci ba ya ciwo, sai an je hoton wani abu daban a ci karo da shi.

Na san za a samu mai cewa tunda ƙarami ne a zuba masa ido. Da Hajiya ce, ni ma haka zan ce, domin ƙa'idar da ƙungiyar likitocin tiyatar jijiya ta Amurka ta fitar a 2020 ta ce in ba ya ciwo kuma ba ya ƙara girma, sai ya wuce santimita 3 ake taɓa shi. Amma ƙa'idar nan ta ware macen da ke cikin shekarun haihuwa: komai ƙanƙantarsa a gyara. Juna biyu na ƙara yawan jini, yana kuma sassauta bangon jijiya, in ya fashe a watannin ƙarshe, da wuya a ceto uwar, ɗan cikin kuwa ya fi wuya. Saboda haka ku zauna da maigidanta, a dakata da maganar ciki tukuna.

Aikin iri biyu ne. A nan mun fi yin na cikin jijiya. Ana kashe zafi a matsematsi, a zura siririn bututu ta jijiyar cinya, likita na kallon allo yana tuƙa shi har ya isa wurin. Sai a cusa 'yan murɗaɗɗun wayoyi masu laushi, jini ya daskare a kansu, kumburin ya toshe. Ina tsaye aka yi wa wata baiwar Allah, idonta biyu, har tana tambayar ko an fara alhali an kusa gamawa. Saifar kan rayu, don akwai ƙananan jijiyoyi daga tumbi da ke ba ta jini. Zazzaɓi da ciwon gefen hagu kan biyo baya na 'yan kwanaki, kuma dole a riƙa komawa hoto, wani lokacin jini kan sake samun hanya.

Ɗayan kuwa buɗe ciki ne a ɗaure jijiyar, in kumburin na dab da saifa a cire ta gaba ɗaya. Shi ne ba na so mata sai in babu makawa. Wanda ba shi da saifa sai an yi masa rigakafin nimoniya da sanƙarau, kuma zazzaɓin cizon sauro kan yi masa mugun kamu. Ke kin san damina a Kano.

Ki tambayi likitanta kai tsaye ko suna yin na bututu, in ba sa yi su tura ku inda ake yi. Kafin nan, in ciwo mai tsanani ya taso mata a saman ciki ta hagu ko a kafaɗar hagu, ko jiri ya ɗebe ta, asibiti nan take, ko da ya lafa.

Ki turo min hotunan kansu, ba takardar kaɗai ba, zan nuna wa malamina. A gaida Hajiya da kyau.

Taki har kullum.