Rahoton ayyukan shekara ga mambobin ƙungiyarmu ta masu aikin itace da gyaran gonaki, Tahoua

Assalamu alaikum. Iyayenmu dattawa, iyayenmu mata, ƴan uwa mambobi na cikin gari da na ƙauyuka, kwamitin zartarwa yana gaishe ku, kuma yana gabatar muku da bayanin abin da ƙungiya ta yi daga taron bara zuwa yau. Lissafin kuɗi ba ya cikin wannan takarda, domin ma'aji zai karanto shi dabam a zauren taro tare da takardun shaidarsa. A nan aikin kawai za mu faɗa, da wanda ya yi kyau da wanda ya ɓaci.

Za mu fara da wanda ya ɓaci, tunda shi ne ake ta tambayarmu a kasuwa. Ƙungiya ta shiga shekara da injin yankan itace uku, ta fita da biyu masu aiki. Babban, wanda muka fi dogara da shi wajen yanka manyan gungume, ya mutu cikin hunturu ana tsakiyar aiki, igiyar tayarwa ta ƙi janyuwa ko kaɗan. Makanike ya kwance shi a gabanmu bisa wani tsohon buhu, ya ciro fistan ya miƙa wa shugaba, sai ga gefen da ke fuskantar mafitar hayaƙi duk ya kakkarce kamar an goga shi a kan dutse, zobensa kuma ya manne a raminsa. Bai yi mana dogon bayani ba. Ya ɗiga ragowar man da ke cikin tanki a kan farar takarda, muka tsaya muna kallo har ya bushe, bai bar tabon maiƙo ba. Esansi ne zalla aka zuba.

Irin wannan inji ba shi da ma'ajin mai dabam kamar na mota, abin da ke shafe cikinsa shi ne man da ake gaurayawa da esansi, kashi ɗaya cikin hamsin, wato mililita 100 a lita 5. Idan babu shi, ƴan mintoci sun isa su hallaka injin. Da muka bincika, mun tarar da kwalba biyu iri ɗaya ne aka fita da su ranar, ɗaya gaurayayye, ɗaya an saye ta a bakin hanya wurin masu ruwa-ruwa, ba alama a jikin ko ɗaya. Kwamiti ba zai kira sunan kowa ba, domin rabin laifin nasa ne, shi da bai tanadi bido mai alama ba tun farko. Makaniken ya kuma nuna mana wani abin da ya fi ba mu kunya: matatar iska ba ta wurinta. Wani ya cire ta da ta toshe da ƙura, wai don inji ya samu numfashi, alhali a ƙasar Adar cikin hunturu rairayi kawai zai shaƙa.

Daga nan aka kafa ƙa'idojin da ake bi yanzu. Mutum ɗaya ne ke gauraya mai, a cikin jan bido, kuma ba a gauraya abin da ya wuce na wata guda, domin idan ya daɗe yana lalacewa ya toshe karbireta. Duk wanda ya dawo da inji sai ya share matatar iska, ya kakkaɓe garin itacen da ke maƙalewa tsakanin haƙarƙarin silinda, ya duba buji, sannan ya sa hannu a littafi a gaban mai kula da kaya. An kuma hana zuba baƙin man da aka juye daga mota a tankin man sarƙa. Mun san yana da arha, mun san wasu masu inji a gari da shi suke aiki, amma gurɓataccen mai ne mai ɗauke da garin ƙarfe, yana cinye famfon mai da takobin inji, wato dogon ƙarfen da sarƙa take zagayawa a kansa, kuma duk abin da sarƙa ta watsa a gonar mutane yake sauka.

Maganar sarƙa ta ci mana lokaci fiye da komai a horon da aka yi wa matasa, kuma ta cancanta. Itacenmu ba kamar na ƙasashen da ake ƙera waɗannan injuna ba ne. Iska tana cusa rairayi cikin ɓawo, gara tana lulluɓe busasshen kututture da ƙasa, kuma bagaruwa ko aduwa da ta bushe tauri gare ta ƙwarai, don haka kaifi ba ya daɗewa. Alamar ba ta da wuyar ganewa: sarƙa mai kaifi tana fitar da ɓarɓashi manya-manya kuma tana shiga itace da kanta, wadda ta dakushe kuwa gari take fitarwa kamar na tuwo, sai mai aiki ya riƙa dannawa, inji yana zafi, esansi yana ƙarewa a banza. An koya musu su wasa ta da zagayayyen magagari duk sa'ad da aka tsaya ƙara mai, a kan kusurwa digiri 30, daga ciki zuwa waje, kowane haƙori adadin gugar ɗan'uwansa, in ba haka ba yanka ya riƙa karkacewa. Kaurin magagarin ma sai ya dace da sarƙar: milimita 4,8 ga ƙananan injunanmu biyu. An koya musu kankare ɓawo da gatari a inda za a yanka, da juya takobi lokaci-lokaci don ya ci daidai, da sassauta sarƙa bayan an tashi aiki, domin tana tsukewa idan ta huce. Sarƙoƙin da muka saya bana ba su kai na bara yawa ba, ko da yake aikin ya fi yawa.

Alhamdu lillahi, ba wanda ya ji rauni, amma saura ƙiris. A wani gida cikin gari an kira mu mu rage reshen bedi da ya hau kan katanga. Bakin takobi ya taɓa wata tsohuwar ƙusa da itacen ya haɗiye tun zamanin da ake ɗaura igiyar shanya, inji ya yi tsalle ya nufo fuskar yaron da ke riƙe da shi, birkin sarƙa ya kama, ya tsira da ƙarjewa a hular kwanonsa. Hular tana rataye a ofis ga mai son gani. Tun daga ranar ba a yanka da saman bakin takobi, ba a ɗaga inji sama da kafaɗa, ba a hawa itace da shi, kuma mutum ɗaya ba ya fita aiki. Wurin kayar da itace kuwa ana korar jama'a nesa da ninki biyu na tsawonsa, abin da ya fi wahala a ƙauye, inda ƙarar inji take tara yara kamar ana kiɗan biki.

Mafi yawan aikin injunan bana datsa ne, ba kayarwa ba, kuma kwamiti yana ganin haka ya kamata ya ci gaba. Mambobinmu na wajen Buza sun nemi taimako a kan layukan bedi na kare iska, irin waɗanda aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 tare da ƙungiyar CARE, layi bibbiyu, tsakanin kowane da na gaba mita 100. Itatuwan sun tsufa, inuwarsu da saiwarsu suna cin hatsin da ke kusa, har wasu manoma sun fara ƙosawa da su. Mun datse kawunansu a tsawon kamar mita biyu da rabi, inda bakin dabba ba ya kai wa toho, kuma ba mu datse layi biyun a shekara ɗaya ba don kada a buɗe wa iska ƙofa. Masu gonaki sun samu azara da itacen wuta, kuma kafin kaka kawunan sun sake cika da sabbin rassa.

Sau da yawa an zo neman hayar inji don a kayar da ɗanyen gawo, kuma duk mun ƙi. Wasu mambobi sun ji haushi, suna cewa mun bar kuɗi ya wuce, shi ya sa muke son a fahimci dalili. Dokar gandun daji mai lamba 2004-040 ta ranar 8 ga Yuni 2004 ta tsara yadda ake sarar itace, gawo kuma yana cikin waɗanda aka kare, don haka injinmu ba ya fita sai da takardar izni daga ma'aikatan gandun daji. Ko da babu doka, manomin Adar ya san abin da gawo yake yi: yana zubar da ganye da damina ya bar wa hatsi rana, ya yi kore da rani, dabbobi su kwanta a gindinsa suna cin ƴaƴansa suna barin taki. Ku duba zangarniyar da ke ƙarƙashinsa ku gwada da ta tsakiyar fili. Itacen da ya yi shekara talatin yana girma, inji yana kwantar da shi kafin shayi ya nuna, abin da gatari bai taɓa iyawa ba, kuma ƙungiyar da ta riƙe irin wannan kaya dole ta iya cewa a'a.

Aikin da ya fi faranta mana rai ko inji bai buƙata ba. Cikin bazara, lokacin sharar gona, an yi gayya a gonakin mambobi don sassaben zamani. Maimakon a sare duk tohon sabara da kalgo da magarya a ƙone, sai a zaɓi biyu zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa a kowane kututture, a cire sauran, a rage ƙananan rassa da adda mai kaifi ana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya tsage. Saiwar tana nan da ranta tun da daɗewa, shi ya sa tohon yake girma da saurin da dashen leda ba ya kamo shi. Wannan hanya ta bazu ne daga jihar Maraɗi tun shekarun 1980, kuma ita ce ta maido da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a ƙasarmu. An karanta wa mahalarta dokar da gwamnati ta fitar ranar 30 ga Yuli 2020, wadda ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya raya a gonarsa, domin har yanzu akwai dattawan da ke tsoron barin itace, suna tuna zamanin da ake cin mutum tara a kan reshen da ya sara a gonar ubansa. Mata sun fi maza fitowa wannan gayya, kuma ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san wa ke tafiya neman itacen girki.

A kan fako kuma an ci gaba da haƙa tassa da rabin wata, wato ƙananan ramukan shuka da manyan ramuka masu siffar rabin wata da ke tare ruwan sama, aikin da jiharmu ta yi suna da shi tun daga Keita, inda babban shirin farfaɗo da ƙasa ya fara a 1984, har zuwa Illela da Badagishiri. Kuskuren da muka gyara shi ne na jeri: bara wasu sun haƙa rabin wata layi-layi, wannan a bayan wancan, ruwa ya bi tsakani ya wuce. Bana an saɓa su, bakinsu yana fuskantar inda ruwa ke gangarowa, faɗin kowane mita 4, wajen 313 a hekta, an zuba taki an watsa irin ciyawa. Dashen ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itace ta ƙasa, kuwa bai ba mu abin da muka so ba, domin waɗanda ba a yi wa shingen ƙaya ba awaki sun cinye su bayan sakin gonaki.

Saɓani ɗaya ya taso tsakanin wani mambanmu da makiyaya, a kan rassan gawo da aka sassare wa dabbobi har itacen ya zama kamar sanda, da kuma gonar da aka ce ta ci burtali. Mun kai maganar gaban mai gari da kwamitin kula da filaye na ƙauye, wanda aka fi sani da Kofo, kamar yadda dokar tsarin karkara ta 1993 ta tanada. Da aka bi iyaka, an tarar kowane ɓangare yana da nasa laifi. Mambanmu ya ja da baya daga burtali, makiyayan kuma sun yarda su riƙa neman izni kuma su bar wa itace kansa. An rubuta, kowa ya sa hannu.

Abubuwa uku ne kwamiti zai sa a gabanku ku yanke. Na farko, ko a sayi sabon fistan da silinda a tada babban injin, ko a sayar da shi a yadda yake. Ra'ayinmu a gyara, muddin an samu kayan asali daga Yamai, domin na jabu sun cika kasuwa. Na biyu, a sayo wandon kariya da abin toshe kunne ga masu riƙe inji, waɗanda har yau ba mu da su. Na uku, a rage yawan dashen Agusta zuwa abin da za mu iya killacewa da shayarwa. Muna roƙon wakilan ƙauyuka su zo taro da sunayen gonakin da ke son gayyar sassabe ta baɗi, kuma duk wanda magagari ko makullin buji na ƙungiya yake hannunsa ya taho da shi.

Wassalam.
Magatakarda, a madadin kwamitin zartarwa.