Kan Sarki da Hatimin Gidan Waya: Kada Mu Raba Su da Ambulansu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani ɗan ƙaramin abu da yake neman ɓacewa daga idon jama'a, wato kan sarki. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tambayar da jikana, ɗalibin sakandare, ya yi mini kwanan baya da ya ga an manna kan sarki a takardar yarjejeniyar hayar shago. Ya ƙura wa takardar ido, sa'an nan ya ce, "Kaka, ina sarkin, kuma ina kan nasa?" A saninsa wani haraji ne da ake liƙawa a rasit, bai taɓa jin cewa asalin aikinsa shi ne biya wa wasiƙa kuɗin tafiya ba.

Amsar tambayarsa ta faro ne daga Ingila. Kafin shekarar 1840, a can yawanci wanda aka aika wa wasiƙa shi yake biya idan ta iso, kuma ana yanke kuɗin ne bisa nisan tafiya da yawan fallayen takarda. Da yake kuɗin ya fi ƙarfin talaka, sai mutane suka shiga dabara. Mai aikawa ya yi wata alama a bayan wasiƙar wadda suka riga suka shirya a tsakaninsu, mai karɓa ya dube ta ya gane cewa ɗan'uwansa yana nan lafiya, sa'an nan ya miƙa wa ma'aikaci abarsa ya ce ba shi da kuɗin karɓa, hukuma ta sha ɗawainiya ta tashi a tutar babu. A 1837 wani malamin makaranta mai suna Rowland Hill ya fitar da ƙasida inda ya nuna cewa ɗaukar wasiƙa daga wannan gari zuwa wancan ba ya cin wani kuɗin kirki, abin da yake cinye kuɗin shi ne lissafi da bin mutane gida-gida ana neman biya. Ya kawo shawarar a yanke farashi ɗaya mai rahusa ga ƙasar baki ɗaya bisa nauyin wasiƙa, kuma mai aikawa ya biya tun kafin ta bar hannunsa.

Tun da an ce a biya da farko, tilas a sami shaidar biya da za ta bi wasiƙar duk inda ta nufa. Ranar 6 ga Mayu, 1840, aka fara amfani da baƙin kan sarkin nan na kwabo ɗaya da Turawa suke kira Penny Black, mai ɗauke da hoton kan Sarauniya Biktoriya. Ana buga guda 240 a falle ɗaya, wato na fam guda cif, kowane layi na goma sha biyu kuma ya tashi sule ɗaya, ma'aikaci ya sa almakashi ya yanka wa mai saye, domin sai a 1854 aka fara yi musu hudar nan ta gefe da ke sauƙaƙa yagewa. Da yake su suka fara, ba su ga dalilin rubuta sunan ƙasarsu a kai ba, kuma har yau Birtaniya ce kaɗai ba ta rubutawa, kan mai mulki ya wadatar.

Akwai wani abu da ya faru da wannan baƙin kan sarki wanda ya shafi maganar da nake son yi. Jan hatimin da ake buga masa domin a kashe shi ba ya fitowa sosai a kan baƙi, kuma masu wayo sun gano yadda za su wanke shi su sake amfani da kan sarkin. Saboda haka a 1841 aka juya lamarin, kan sarki ya koma ja, hatimi ya koma baƙi. Tun daga farko ke nan shaidar biya ba ta cika sai da abu biyu, kan sarkin da ke cewa an biya da hatimin da ke cewa an ci kuɗin, kuma hatimin gidan waya ne yake faɗin gari da ranar da wasiƙa ta tashi.

Sauran ƙasashe ba su yi jinkirin kwaikwayo ba: Barazil a 1843, Amurka a 1847, Faransa a 1849. Ranar 9 ga Oktoba, 1874, aka sa hannu a birnin Bern na Suwizalan a kan yarjejeniyar da ta haifi Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda ta sa kan sarkin da aka saya a ƙasa ɗaya ya isa ya kai wasiƙa wata ƙasa ba tare da an sake biya a kowace iyaka ba. Shaidun biya su ma suka yi ta ƙaruwa. Ostiriya ta fito da kati mai bugaggen kan sarki a jikinsa a 1869, a 1907 aka fara sayar da takardar biyan amsa wadda mutum zai sa a cikin wasiƙarsa domin wanda ya aika wa a wata ƙasa ya musanya ta da kan sarki, daga 1920 kuma kamfanin Pitney Bowes na Amurka ya yaɗa injin da manyan ofisoshi suke buga jan tambarin biya da shi a kan ambulan. Waɗanda suka yi zamanin rubuta wa gidajen rediyon ƙetare ba za su manta da shuɗiyar takardar jirgin sama ba, wadda ita ce wasiƙar, ita ce ambulan, ga kan sarkinta a buge, an kuma hana sa komai a cikinta.

A ƙasarmu, Legas ta sami kan sarkinta tun 1874. A yankunan da ke hannun kamfanin Royal Niger kuwa, na Ingila ake mannawa a buga musu hatimin Lakwaja ko Burutu ko Akassa. Da gwamnatin Birtaniya ta karɓi Arewa a 1900, aka buga kan sarki mai sunan Nijeriya ta Arewa, kuma abin dariya shi ne na farkon ma kan sarauniya ne, domin Biktoriya ba ta rasu ba sai a Janairun 1901. Bayanta ne sarakuna maza suka jeru, Edward na Bakwai, da George na Biyar wanda a zamaninsa aka haɗe Kudu da Arewa a 1914 aka fara buga sunan Nijeriya kaɗai, da George na Shida har zuwa 1952. A cikin waɗannan shekaru hamsin ne jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, jirgin sama ya fara jigilar wasiƙu tsakanin Khartoum da Kano a 1936, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939 masu karatu suna aika mata wasiƙu irin wannan tawa. A ganina shi ya sa sunan ya zauna a bakin Bahaushe, ya saba da gidan waya ne a lokacin da kan namiji yake kan takardar, har zuwan Sarauniya Elizabeth bai sa an sauya kalmar ba. 'Yan'uwanmu na Nijar, da ba su ga kan wani sarki a nasu ba, sai suka ari kalmar Faransanci suna cewa tambur. Wani jerin nasu na zamanin mulkin mallaka da aka fitar a 1926 hotunan masu jan ruwa a rijiya ne, da kwalekwale a kogin Kwara, da ganuwar barikin Damagaram.

Duk wanda ya jera kan sarkin Nijeriya bisa shekaru zai karanta abin da kowace gwamnati take alfahari da shi. A jerin 1953, na kwabo yana ɗauke da mahayan dawakin Barno, na ahu (kwabo ɗaya da rabi) gyaɗa, na kwabo biyu kuza, na taro (kwabo uku) gadar Jebba, na sule goma fatu da ƙiraga. A 1959, da Jihar Arewa ta sami mulkin kai, aka fitar da guda biyu, ɗaya da zauren majalisa na Lugard a Kaduna, ɗaya da babban masallacin Kano. Da aka koma naira da kwabo a 1973, aka sa gandun dajin Yankari a na kwabo goma, bikin kamun kifi na Argungu a na kwabo talatin, ga kuma matatar mai da masana'antar siminti da masaƙa. Malamin tarihi ko na tattalin arziki da zai ɗora wa ɗalibansa na gyaɗa kusa da na matatar mai ya rage wa kansa dogon bayani a kan abin da ya sami ƙasar nan cikin shekara ashirin.

Malam Edita, a nan ne nake da laifin da zan amsa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, akawun sayen gyaɗa ne, ya kuma bar adakar ƙarfe cike da wasiƙu. Muna yara aka koya mana tara kan sarki, sai na riƙa yage kusurwar ambulan ina jiƙawa a ruwa har kan sarkin ya saki, in shanya shi in manna a littafi, ragowar ambulan ɗin kuwa ta tafi murhu. Yau ina da tarin na ahu masu hoton gyaɗa, dukkansu kama ɗaya, ba wanda zai iya gaya mini daga inda ya fito. 'Yan kaɗan da suka tsira daga hannuna su ne masu magana. Akwai mai hatimin Nguru, akwai na Ƙaura Namoda, garuruwan da layin dogo ya tsaya, ko wace da ranarta, har mutum ya iya gane lokacin da kakar ciniki ta buɗe. Akwai kuma wadda wani kawunmu ya aiko daga Wad Madani a kan hanyarsa ta zuwa hajji ta ƙasa, da kan sarkin Sudan mai hoton masinja bisa raƙumi, zanen da suke amfani da shi tun 1898. Hatimin gabanta da na bayanta su suka nuna mana shekarar da ya isa can da kwanakin da wasiƙar ta yi a hanya, abin da babu wani dattijo a gidanmu da ya iya tunawa daidai.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu a girmama hatimi. Tun kafin zuwan Turawa, wasiƙun Sarkin Musulmi da na sarakunan daular Usmaniyya da na Shehun Barno suna tafiya a hannun manzanni, kuma masana suna dogara da hatimi da salon rubutu wajen tantance su. Bambancin shi ne waɗancan na manya ne, gidan waya kuwa ya ba ɗan ƙwadago da soja da ɗalibi damar barin irin wannan shaida da kwabo ɗaya ko biyu. Yanzu da saƙo ya koma wayar hannu, biyan kuɗin aika kaya kuma ya koma rasit ɗin kwamfuta mai tawadar da ke dushewa cikin 'yan watanni, waɗannan tsofaffin ambulan ba za a sake yin irinsu ba, ga gara da ɗigar ɗaki da masu ƙosai suna ta rage su.

Don haka ina kira ga masu karatu da suka gaji irin wannan adaka da su bar kowane kan sarki a jikin ambulansa, su ajiye a busasshen wuri, su ɗauki hoton gaba da baya. Ina kuma ba Hukumar Gidan Waya ta Ƙasa, NIPOST, shawarar ta haɗa kai da Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna da Gidan Makama na Kano, a riƙa shirya baje kolin kan sarki da hatiman garuruwan Arewa kowace ranar 9 ga Oktoba, wadda dama ita ce Ranar Gidan Waya ta Duniya, da bayani cikin Hausa, a gayyaci makarantu. Kai kuma, Malam Edita, in za ka ware ɗan gurbi ko sau ɗaya a wata domin hoton tsohuwar ambulan da taƙaitaccen labarinta, bayan an rufe sunayen masu ita, ni zan fara aiko maka da ta Wad Madani da ta Nguru.

Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
Wani tsohon malamin makaranta,
Zariya.