Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga mahaifin da ke nema wa 'yarsa malamin rawar taf

Assalamu alaikum, ɗan'uwa.

Ka tambaye mu a bainar jama'a cewa 'yarka ta nace sai ta koyi rawar taf, wadda ake yi da takalmi mai ƙarfe a ƙasa, kuma malamai biyu ne a unguwarku can Amurka: matashi mai saurin ƙafa, da wata dattijuwa da ke riƙe yara a kan taku ɗaya har makonni. Wanne za ka zaɓa? Mu dai dattijuwar za mu ce, muddin ta cika abubuwan da za mu faɗa maka.

Taf kiɗa ne da ake yi da ƙafa. Ta samo asali a Amurka a ƙarni na 19, daga haɗuwar takun baƙaƙen fata da aka kai bauta da rawar 'yan Ailan, kuma daga ƙafar malami ake ɗaukarta, kamar yadda ɗan makaɗi ke koyon kalangu a gindin ubansa. Saboda haka tambayar farko da za ka yi mata ita ce: a wurin wa kika koya, kuma shekara nawa kika yi a gabansa?

Dubi Dianne Walker, haifaffiyar Boston a 1951. Ta fara rawa tana yarinya, ta bari, ta yi aure ta haihu, sai a 1978 ta koma ɗaliba a wurin Leon Collins, gwanin da aka haifa a Chicago a 1922. Shekara bakwai tana gabansa har ya rasu a 1985, sannan ta ci gaba da koyar da jerin takun da ya tsara. Savion Glover, shahararren mai rawar taf, na cikin waɗanda suka sha daga hannunta. Abin da aka san ta da shi tsabtar sauti ne, kowane bugu na fita shi kaɗai tsaf. Malamar da za ta iya lissafa maka irin wannan salsala tata, ka saurare ta.

Sai ka nemi izini ka zauna a aji ɗaya. Malamar kirki da baki take farawa: ta rera kiɗan, yara su maimaita, su tafa shi da hannu, kafin ƙafa ta taɓa ƙasa. Yaron da bai iya rera abu ba, ba zai iya buga shi ba. Daga nan sai tsayuwa: nauyin jiki a gaban tafin ƙafa, dunduniya ta ɗan ɗaga, gwiwa a sassauce.

Takun farko shi ne shaful, bugu biyu: ƙarfen gaba ya taɓa ƙasa yayin da ƙafa ke fita, ya sake taɓawa tana dawowa, kuma ba a ɗora mata nauyi. Nan ne yawancin yara ke lalacewa. Idan idon sawu ya sandare, yaro zai riƙa wurga ƙafar tun daga cinya, sai ka ji ƙarfe na kartar katako maimakon bugu biyu masu kaifi. Maganinsa a rage motsin ya zama bai wuce faɗin tafin hannu ba, a saki idon sawu, a yi shi a hankali, dama sau takwas, hagu sau takwas. Wannan ne yake cin makonnin da kake ƙorafi a kai, kuma ba ɓata lokaci ba ne. Filaf ma bugu biyu ne, amma a na biyun nauyi na komawa kan ƙafar. Yaron da ya rikita su zai tsinci kansa a kan ƙafar da ya kamata ya ɗaga. Akwai kuma kiramrol mai bugu huɗu: gaban dama, gaban hagu, dunduniyar dama, dunduniyar hagu. Mai gaggawa yakan haɗe su su koma uku ko biyu. Malamar da ta isa tana gane haka ko ta ba yara baya.

Bayan wasu watanni ka sa ran za a fara Shim Sham, wata tsararriyar rawar taf wadda ake dangantawa da 'yan rawa Leonard Reed da Willie Bryant a ƙarshen shekarun 1920. Kashi huɗu ce, kuma kusan duk mai taf a duniya ya iya ta, da ita ake rufe taro. Ya kamata kuma a riƙa yin da'ira, kowane yaro ya shiga ya ƙirƙiri nasa na ɗan lokaci, na gefensa ya ba shi amsa. Ajin da babu wannan, haddar rawa kawai ake yi.

Kada ka raina ƙasan ɗakin. Katako ake so mai ɗan lotsawa. Siminti na mayar da bugun cikin ƙwauri da gwiwa, tayil kuma santsi gare shi, ga shi ƙarfe na fasa shi. Idan kan siminti ake koyarwa, ka ɗauke 'yarka ko malamin wane ne. A gida fallen katako mai kimanin mita ɗaya da rabi, a shimfiɗa roba ko kafet a ƙarƙashinsa, ya wadatar.

Takalmin ya kama ƙafa sosai, kada ka sayi babba wai don ta girma a ciki, domin ƙafar da ke yawo a takalmi tana jinkirta bugu. Ƙarfe biyu ne a kowane ɗaya, gaba da dunduniya, yawanci da sukuru uku-uku. A riƙa duba su kafin aji, don sukurun da ya fito yana yage katako, yana kuma iya kayar da yarinya. Idan ramin ya buɗe har sukuru ya daina kamawa, a cusa tsinken ashana da ɗan gam, a bari ya bushe, a mayar da shi.

Wassalam.