Shafen yumɓu a fuska: a san fata, a san yanayi, kafin a kwaɓa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon a ba mu fili a wannan jarida mai albarka mu ja hankalin 'yan'uwa mata, da ma mazan da suka shigo harkar, a kan shafen yumɓu da ake yi a fuska. Mu masu sana'ar gyaran fata ne a nan Jos. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne hunturu ya kawo jiki, ga bukukuwan ƙarshen shekara sun matso, ga kuma bidiyoyi a TikTok da Instagram suna koya wa mutane su kwaɓa yumɓu da lemon tsami, su bar shi ya bushe ƙayau har baki ya kasa buɗewa. Wannan koyarwar ce ke ɓata fuskoki, ba yumɓun ba.

Aikin yumɓu ɗaya ne: yana tsotse maiƙon da ke saman fata da na bakin ƙofofin gashi, ya kwashe datti da matacciyar fata idan an zo wankewa. Shi ya sa fuska ke yin wasai, ƙofofin kuma su yi kamar sun tsuke na kwana ɗaya ko biyu. Ba ya sa fari, ba ya fitar da wata guba daga jini, ba ya goge tabo, kuma ba ya warkar da manyan ƙuraje masu zurfi da ciwo. Duk mai tallar da ya yi wannan alkawari, kuɗi yake nema. To tunda tsotsa ce sana'arsa, tambayar da ta kamata kowa ya yi ita ce: fatata tana da maiƙon da za a tsotsa, kuma nawa ne?

Gane amsar ba wuya. A wanke fuska da sabulu mara ƙarfi, a tsane, kada a shafa komai, a jira awa ɗaya. Sai a danna tishu a goshi, da hanci, da haɓa, da kumatu. Idan ya jiƙe da maiƙo a ko'ina, fata mai maiƙo ce. Idan goshi da hanci da haɓa kaɗai suka yi ƙyalli, kumatu suna nan garau, gauraye ce, kuma mutane da yawa a nan suke. Idan fuskar ta ɗaure, ta yi fari-fari, tana neman mai, mai gautsi ce. Akwai kuma wadda abu kaɗan ke sa ta raɗaɗi ko ƙaiƙayi, wannan tana iya zama mai maiƙo ko mai gautsi, amma ita ce za a fi lallaɓawa.

Yumɓun da ya fi sauƙi a kan fata shi ne kawolin, farin gari mai laushi wanda ba ya kumbura a ruwa. Tsotsarsa kaɗan ce, shi ya sa ya dace da mai gautsi da mai saurin raɗaɗi da duk wanda zai fara. Muna da shi a ƙasar nan, ana haƙo shi a Filato, da Alkaleri ta Bauchi, da Ƙanƙara ta Katsina, amma na shafawa a fuska sai wanda aka wanke aka tace aka gwada. A nan akwai haɗari guda: ba kowane farin gari da ake kira farar ƙasa a kasuwa ba ne kawolin. Wanda ake shafa wa bango yana iya zama laim, wato garin ƙonannen farin dutse, shi kuwa ƙone fata yake yi. Kawolin mai ruwan hoda da ake sayarwa da tsada, yawanci farin ne aka gauraya da ja, ƙarfinsu kusan ɗaya.

Bentonayit shi ne mai ƙarfin, kuma shi aka fi tallatawa. Asalinsa tokar dutse mai aman wuta ce da ta daɗe ta rikiɗe, yana shan ruwa ya kumbura ya ninka kansa, yana kuma janye maiƙo sosai. Sai dai a ma'aunin tsami da kanwa da ake kira pH, lafiyayyar fata tana wajen 5, shi kuwa idan an kwaɓa shi da ruwa yana kai 8 zuwa 10, wato ya karkata ɓangaren kanwa. Mai maiƙo sosai za ta jure shi sau ɗaya a mako, mai gautsi kuwa ba ruwanta da shi. Yumɓun multani mitti da ke zuwa daga Indiya da Pakistan, da koren yumɓun Faransa, su ma sahun masu maiƙo suke. A tsakiya akwai gasul na Maroko, mai ruwan ƙasa, wanda ake haƙowa a yankin tsaunukan Atlas; yana da santsi idan ya jiƙa, yana wanke fata ba tare da ya bar ta a ɗaure ba, kuma a ganinmu shi ya fi dacewa da fata gauraye. Wadda ba ta same shi ba, ta haɗa kashi biyu na kawolin da kashi ɗaya na bentonayit. Kuma ba dole ba ne fuska duka ta sha abu ɗaya: a sa mai ƙarfi a goshi da hanci da haɓa, a sa mai sauƙi a kumatu, ko a bar kumatun haka nan.

Wajen kwaɓi, cokalin shayi biyu na gari sun ishi fuska. Kawolin da gasul suna son ruwa kusan daidai da yawansu, bentonayit kuwa sai ninki biyu ko uku. A fara zuba ruwan a ƙaramin kofin tangaran ko gilashi, sannan a barbaɗa garin a kai, a bar shi minti biyu ya sha da kansa kafin a juya. Idan aka zuba ruwa a kan bentonayit aka hau juyawa nan take, waje zai jiƙe ya yi danƙo ya rufe busasshen gari a ciki, sai a samu gudaji da ba sa narkewa. Kaurin da ake so shi ne na kindirmo mai kyau, wanda zai zauna a fuska ba ya zuba. Ruwan ya zama mai tsabta, tafasasshe da ya huce ko na gora. Mai gautsi ta ƙara rabin cokalin shayi na zuma, ko ɗigo uku zuwa huɗu na man zaitun, don su hana haɗin saurin bushewa. Batun cewa cokalin ƙarfe na kashe yumɓu an zuzuta shi. Cokalin silba mara tsatsa da zai taɓa shi na minti ɗaya ba zai yi komai ba, mai tsatsa ne abin gudu. A kwaɓa na yau kaɗai. Jiƙaƙƙen yumɓu da babu maganin adanawa a ciki, musamman in an sa zuma ko nono, gida ne na ƙwayoyin cuta, ko da a firij. Kuma a kula kada a shaƙi ƙurar garin wajen ɗiba.

Duk sabon yumɓu, a fara gwada shi a bayan kunne ko ƙasan muƙamuƙi, a wanke bayan minti goma, a jira kwana biyu. In babu ƙaiƙayi ko kumburi ko ƙananan ƙuraje, sai a kai shi fuska.

Yanzu ga inda aka fi yin ɓarna, wato lokacin wankewa. A shafa a kan wankakkiyar fuska mai ɗan danshi, da yatsu ko burushi, da kaurin da zai rufe launin fata, a bar zagayen ido da leɓe. Da farko haɗin zai kasance mai duhu da sheƙi. Bayan 'yan mintoci launinsa zai fara haske daga gefen hanci da bakin gashin goshi, inda ya fi siriri, a ji sanyi-sanyi da ɗan ja a fata, amma in an taɓa kumatu da yatsa za a ji yana ɗan mannewa. To nan ne aiki ya ƙare, nan ake wankewa. Idan aka wuce haka har ya yi fari fat ya fara tsagewa yana zuba, maiƙon da zai ɗauka ya riga ya ɗauka, abin da yake ja yanzu ruwan fatar ne. Wannan ɗaurewa da bugawar da ake ji ana cewa "yana aiki", alamar fata ce tana wahala. Sakamakon shi ne fuska ta yi kaushi, ta yi saɓa, man shafawa ya fara yi mata zafi. A fata irin tamu kuma duk wurin da ya yi kumburi ko ya ƙone, baƙin tabo yake bari, wanda kan ɗauki watanni kafin ya dushe. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Takardar jikin kwalba takan ce minti goma zuwa sha biyar, amma ba don Jos aka rubuta ta ba. Garin nan yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu busasshiya ce ƙwarai, ta riga ta shanye danshin fata kafin yumɓu ya zo. Haɗin da zai yi minti goma sha biyu da danshi a watan Agusta, a Janairu yana iya bushewa cikin minti biyar, balle in an zauna kusa da gawayi ko hita. Saboda haka a bi ido da yatsa, ba agogo kaɗai ba. A ƙa'ida, mai maiƙo kada ta wuce minti goma, mai gautsi biyar zuwa bakwai. Idan wani ɓangare ya riga saura bushewa, a yayyafa masa ruwa. Yawan yi ma haka: mai maiƙo sau biyu a mako lokacin zafi, sau ɗaya a hunturu, gauraye sau ɗaya, mai gautsi sau ɗaya a mako biyu, in kuma fuskarta ta fara fari da saɓa ta ajiye shi sai an yi ruwan fari. 'Yar'uwar da ke Abuja tana fama da gumi a Maris da Afirilu, abin da ya yi mata daidai ba lallai ya yi wa ta Bukuru ba.

Wajen wankewa a jiƙa shi da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba mai zafi ba ko da sanyi ya matsa, a bar shi ya saki da kansa, a sa tafin hannu a hankali. Ban da soso, ban da kankara da farce. A tsane da tawul ta hanyar dannawa, a shafa mai tun fatar na da danshi: mai gautsi man kaɗanya kaɗan ya wadatar, mai ƙuraje kuwa ta nemi mai ruwa-ruwa mara nauyi. Yin shafen yumɓun da dare ya fi, da safe kuma a shafa man kariya daga rana, don ranar Jos tana da kaifi duk da sanyin garin. Bentonayit yana toshe bututu, gara a wanke a roba a zubar a waje.

Lemon tsami ba shi da gurbi a wannan haɗi. Tsaminsa yana wajen 2 a ma'aunin da muka ambata, kuma yana ɗauke da sinadarin da idan ya haɗu da hasken rana yake ƙone fata ya bar baƙin shaci. Ruwan khal na tuffa yana sa bentonayit ya kwaɓu sumul, yana kuma rage masa kanwa-kanwa, wannan gaskiya ne, amma zallansa ya yi ƙarfi. Mai maiƙo sosai ta sa kashi ɗaya cikin ruwa kashi uku, sauran su bar shi. Kanwa, da bekin soda, da man goge baki, da tafarnuwa, duk a bar su a inda suke. Kurkum ɗan taɓawa a bakin cokali ba laifi.

Akwai waɗanda ya kamata su dakata gaba ɗaya. Wadda ke shafa man bilicin, musamman masu ɗauke da sitiroyid, fatarta ta riga ta yi siriri, jijiyoyi sun fito, ko kawolin ma yana iya yi mata zafi. Haka mai shafa maganin ƙuraje na likita irin tiretinoyin, da mai shan ƙwayar da ke busar da maiƙon fata, da mai kirci ko ciwo a buɗe ko ƙurjin da aka matse. Ƙyasfi da makero cututtukan fangas ne, magani suke so. Mai manyan ƙuraje masu barin rami ta je ta ga likitan fata, akwai su a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos. Maza kuma kada a shafa ranar da aka yi aski ko gyaran gemu, a bari sai bayan kwana biyu.

Ga amare da masu gyara su: kada a haɗa halawa ko dilka da yumɓu a fuska rana ɗaya, kowanne yana cire wani abu daga saman fata, a raba su da kwana biyu ko uku. Kada a gwada sabon haɗi a mako biyun ƙarshe, kuma shafe na ƙarshe ya kasance kwana uku ko huɗu kafin kamu, don in wani abu ya fito ya samu lokacin kwanciya.

Sai batun inda ake samo shi. Filato cike take da tsofaffin ramuka da kududdufan haƙar kuza, daga Bukuru zuwa Barikin Ladi, kuma ƙasar bakinsu ta cakuɗa da ragowar ma'adinai. Kada kowa ya ɗebo daga nan don ya ga laushi da fari. Yumɓun masu ginin tukwane ma na tukwane ne, akwai yashi da ƙwayoyin cuta a ciki. Ko wanda ke cikin kwalba mai kyau ba a rasa matsala: a 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a kan wasu kayan bentonayit da aka samu dalma mai yawa a ciki. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba ma bukatar dogon bayani. Don haka ban da ci, ban da sha, masu juna biyu da ke tauna farar ƙasa su daina, a kuma ajiye garin nesa da yara. Wajen saye a duba lambar NAFDAC, da sunan kamfani, da jerin abin da ke ciki, da ranar lalacewa. Garin da aka ƙulla a leda babu rubutu, mai sayarwa ya kasa faɗin sunansa da inda ya fito, a bar masa abinsa.

Mun gode da fili.

Wasu masu sana'ar gyaran fata,
Jos, Jihar Filato.