Rahoton Ayyukan Shekara: Yadda Muka Yi da Lua a Aikin Tsara Littattafai

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayen ƙungiya, malamai, 'yan'uwa maza da mata na nan Garwa da na Marwa da Ngaundere da Kuseri a Kamaru, da waɗanda ke biye da mu daga Njamena, ga rahoton da kwamitin gudanarwa ya ɗora mini in rubuta a kan aikin bana. Bayanin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanta shi da bakinsa ranar taro, don haka ban taɓo shi a nan ba.

Kun tuna a taron bara aka tsayar da shawara cewa duk aikin da ƙungiya za ta karɓa daga yanzu, da LuaLaTeX za a tsara shi, mu bar pdfLaTeX da muka saba da shi. Wasu dattawanmu ba su so ba, suka ce abin da bai lalace ba me ya kai mutum gyaransa. Maganarsu tana da gaskiyarta, kuma za ku ga inda ta tabbata a ƙasa. Amma saboda sababbin membobi, bari in ɗan yi shimfiɗa.

TeX manhaja ce ta jera rubutu don ɗab'i, wadda Donald Knuth na Jami'ar Stanford a Amurka ya fitar a 1978. Ba ta da na biyu wajen daidaita layi da shafi da lissafi, sai dai in ka ce ta yi maka tarawa da rabawa ko ta karanto wani fayil ta tace shi, za ka sha wuya. Lua kuwa ƙaramin harshen kwamfuta ne da aka ƙirƙira a 1993 a wata jami'ar Katolika ta birnin Riyo a Brazil, sunan ma da Fotugis ne, ma'anarsa watan sama. Hans Hagen da Taco Hoekwater da Hartmut Henkel suka dasa Lua a cikin injin TeX, aka samu LuaTeX, wanda ya kai fitowa ta 1.0 a 2016. LaTeX shi ne tarin umarnin da muke rubuta takarda da shi a kan TeX; in ya hau sabon injin sunansa LuaLaTeX, in ya hau injin da muka saba da shi kuwa pdfLaTeX. Wani abin da ya kamata mu sani shi ne, cikin abubuwan da suka tura wannan aiki gaba har da buƙatar buga littattafan Larabci masu inganci, ta hanyar shirin Oriental TeX na Idris Samawi Hamid. Ke nan tun daga tushe an yi shi da tunanin masu rubutu irin namu, waɗanda haruffan Turawa ba su ishe su ba.

Takardun sakamako

Aikin da ya fi cin lokacinmu bana shi ne na takardun sakamakon ɗalibai na makarantun Islamiyya da na Faransanci da Larabci da ke kawo mana aiki. A da, malami kan kawo maki a takarda, ɗaya daga cikinmu ya zauna da na'urar lissafi yana ninka kowane maki da nauyin darasinsa, ya fitar da matsakaici bisa 20, sannan ya buga sunan kowane yaro da hannu. Ranar da aka gano kuskure a makin yaro ɗaya, matsayin aji duka sai ya motsa, a koma farko.

Yanzu malami yana cika makin a jadawalin kwamfuta, mu kuma mu karanto shi ta cikin takardar LaTeX ɗin kanta. Ba mu rubuta komai daga tushe ba. Akwai tarin kayan taimako mai suna lualibs, wanda aka ciro daga ConTeXt, wani tsarin TeX na Hans Hagen ɗan ƙasar Holan, yana nan cikin TeX Live, wato kunshin manhajojin TeX da muke sakawa a kwamfuta. A cikinsa muka samu io.loaddata mai ɗauko fayil gaba ɗaya, da string.strip mai share gurbin da ke maƙale a farko da ƙarshen suna, da mai rarraba layin jadawali gida-gida, da table.serialize wanda ke baje maka abin da ke cikin ƙwaƙwalwar shirin ka gani da idonka lokacin da lissafi ya ƙi fita. Wannan na ƙarshen ya cece mu fiye da sau ɗaya. Ina roƙon duk mai koyo ya fara da shi.

Matsalolin da muka ci karo da su duk na gida ne. Kwamfutocin makarantunmu da Faransanci aka saita su, don haka jadawalin yana fitowa da waƙafi mai ɗigo tsakanin gidaje, ba waƙafi zalla ba, kuma makin sha biyu da rabi yana zuwa a 12,5. Lua bai san 12,5 a matsayin lamba ba, 12.5 ya sani. A gwajin farko duk yaron da ke da rabin maki sai ya tsayar da shirin. Layi ɗaya ya magance abin, a mayar da waƙafi ɗigo kafin lissafi, a dawo da shi waƙafi kafin bugawa, amma sai da muka kwana biyu kafin mu gane inda gizo ke saƙa.

Sai kuma darasin da ya fi mana zafi. Da farko muna cusa umarnin Lua kai tsaye cikin \directlua a tsakiyar takarda. TeX kuwa shi ke fara karanta abin kafin ya miƙa wa Lua. Alamar % a wurinsa tana nufin a yi watsi da sauran layi, alhali Lua na buƙatarta wajen tsara lamba. Yana kuma haɗe layuka duka su zama layi ɗaya, ta yadda in ka sa ɗan bayani da karan ɗori biyu (--) kamar yadda ake yi a Lua, duk abin da ya biyo baya ya mutu, ba tare da wani gargaɗi mai ma'ana ba. Haka muka taɓa buga takardun aji guda da gurbin matsakaici fayau, Allah ya sa wata malama cikinmu ta duba kafin a kai makaranta. Tun daga ranar kwamiti ya kafa doka: duk umarnin Lua da ya wuce layi biyu a fayil ɗinsa na daban zai zauna, takarda ta kira shi kawai. Wanda ya ga dole sai ya rubuta a ciki, ya yi amfani da luacode, kunshin da aka yi don rage wannan matsala.

Haruffanmu masu ƙugiya

Nan ne nake so mu tsaya mu yi tunani, domin nan ne na ga amfanin ƙungiyar da idona.

Muna tsara wani ɗan littafin karatu mai jerin kalmomi a ƙarshe. Muka ce Lua ya jera kalmomin bisa abacada. Da shafin ya fito, sai ga ɓarawo da ɗalibi da ƙasa duk sun koma bayan zuma. Dalili shi ne na'ura ba ta san abacada ba, lambar da Unicode, tsarin lambobin haruffa na kwamfuta, ya ba kowane harafi take bi, kuma lambobin ɓ da ɗ da ƙ suna can gaba da na z. Muka ce ya mayar da kanun babi manyan baƙaƙe, ƙasa ta fito ƙASA. Muka ce ya ƙirga haruffan kalmar, ya ce biyar ne, saboda ƙ tana cin bayit biyu, wato gurbi biyu a ƙwaƙwalwar na'ura. Kayan taimakon nan suna da kyau, amma ba Bahaushe ya rubuta su ba, kuma ba wanda zai zo daga Holan ya koya musu cewa ɓ tana bin b. Mu ne za mu yi.

Muka zauna Asabar uku muka rubuta ɗan jadawalin da ke ba kowane harafin Hausa matsayinsa, tare da manyansu, Ɓ da Ɗ da Ƙ. Muhawara ta yi zafi a kan sh da ts, ko haruffa ne masu zaman kansu ko s da h ne kawai aka jera. Malaman firamare suka rinjaya, aka bar su a matsayin haruffa kamar yadda ake koya wa yara. Sai batun 'y da Najeriya ke rubutawa da ƴ da Nijar ke rubutawa. Mu da ke karanta littattafan ɓangarorin biyu muka sa shirin ya ɗauke su abu guda wajen jeri, ya bar wa marubuci wadda ya zaɓa wajen bugawa. 'Yan'uwanmu masu aikin Fulfulde suka ɗauki fayil ɗin suka ƙara ŋ da mb da nd da ng da nj, kwana ɗaya ya ishe su. A ƙasa irin tamu da mutum ke sayen goro da Hausa, ya yi cinikin shanu da Fillanci, ya cika takardar gwamnati da Faransanci, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wajen zubin haruffa kuma mun tsaya a kan Charis da Andika na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL, don suna da ƙugiyoyin duka.

Ajami

Tun TeX Live na 2020 LuaLaTeX ke tafe da HarfBuzz, injin da ke tsara siffar haruffa da haɗuwarsu, kuma da shi muka buga waƙoƙin wa'azi na wani dattijo da zubin Alkalami, wanda aka yi shi bisa salon rubutun Kano. Da ya riƙe shafin farko ya daɗe bai ce komai ba.

Abin da bai yiwu ba shi ne burinmu na shirin da zai juya boko zuwa ajami da kansa. Boko ba ya nuna dogon wasali, ajami kuwa yana nunawa. Gari na zama da gari na tuwo rubutu ɗaya ne a boko, a ajami dabam suke. Na'ura ba ta da kunnen da za ta ji bambancin. Mun ajiye wannan aiki, kuma ra'ayina kada mu koma masa sai mun tara jerin kalmomi masu alamar tsawo wanda malaman allo suka duba.

Horo da kayan aiki

An ci gaba da zaman Asabar a Garwa, in ban da watan azumi da makonnin tsananin zafi na Maris da Afrilu, lokacin da ɗaukewar wuta ta hana mu zama sau da yawa. Marwa sun yi nasu zaman. TeX Live yana da nauyin gigabayit da yawa, don haka mutum ɗaya ya sauke na bana, aka kwafa a filashi aka aika Ngaundere da Kuseri ta mota. Don Allah kowa ya sa wannan fitowar, domin an sami fayil da ke aiki a Garwa ya ƙi aiki a Marwa saboda tsohon zubi.

Inda dattawa suka yi gaskiya

LuaLaTeX ya fi pdfLaTeX nauyi, kuma a tsofaffin kwamfutocinmu ana jin bambancin, musamman karon farko da yake tattara sunayen zubin haruffa. Wannan mai sauƙi ne. Babbar damuwata ita ce, a yau mutum biyu ne kacal cikinmu za su iya buɗe fayil ɗin takardun sakamako su gyara shi in ya lalace. Ɗayansu ɗalibi ne a jami'a, zai gama ya tafi inda abinci ya kira shi. A zamanin da muke bugawa da hannu aikin yana da wahala, amma kowa ya iya. Bayanin lualibs kaɗan ne kuma da Ingilishi yake, yawancinmu kuwa da Faransanci ko Larabci muka yi karatu. In ba mu tashi tsaye ba, za mu wayi gari makarantu sun dogara da mu, mu kuma mun dogara da mutum ɗaya.

Saboda haka kwamiti zai kawo abu uku gaban taro don a kaɗa ƙuri'a. Na farko, kowane fayil na Lua da ƙungiya ke amfani da shi a rubuta bayaninsa da Hausa a cikinsa, layi bayan layi, kafin ƙarshen zangon karatu na farko. Na biyu, kowane reshe ya ba da mutum biyu, ɗaya daga ciki mace, waɗanda za su koyi gyaran fayilolin ba amfani da su kawai ba. Na uku, a saki jadawalin abacadar Hausa da Fulfulde kyauta ga duk mai so, har da waɗanda ba membobi ba. A kan na ukun akwai saɓani a cikin kwamitin kansa, don wasu na ganin guminmu ne. Ni ina goyon bayan a sake shi, zan kuma faɗi hujjata a gaban kowa.

Wanda ke da gyara a kan wannan rahoto ya miƙa wa wakilin reshensa kafin ranar taro. Masu zuwa daga Kuseri da Njamena su sanar da mu da wuri saboda masauki, kuma kowa ya taho da kwamfutarsa da filashinsa.

Wassalamu alaikum.

Magatakardan ƙungiya, Garwa