Akori-kurar Baba Ta Fara Ƙwanƙwasa

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya Kumasi da ruwanta da ba ya ɗaukewa? Wata bakwai ko gaisuwa babu, sai hotunanka a WhatsApp kana zuba loma kamar a can aka yanke maka cibiya. Na yafe. Akwai tambayar da nake so in yi maka kan filin nan na bayan makaranta, amma bari in fara sauke abin da ya hana ni barci.

Akori-kurar Baba ce. Hilux ɗin nan ta 1994 mai shan gas, wadda ka koyi tuƙi da ita har ka kwantar wa Inna da dangar awaki. Tun bayan Babbar Sallah ta tsiri wata ƙara daga ƙasa. In na saki kulochi zan tashi, gwaf. In na ɗaga ƙafa daga totur na sake takawa, gwaf. Ribas kuwa, har maƙwabta sai sun leƙo. In ta ɗauki gudu kuma kujera ta dinga karkarwa kamar mai zazzaɓi.

Bakaniken da na fara kai wa ko sunkuyawa bai yi ba. Yana riƙe da kofin shayi ya yanke hukunci: aksil ɗin baya ya mutu, a sayo na Beljiyam sukutum. Kuɗin da ya faɗa, ko bijimin da nake kiwo na sayar sai na ciko. Sai na tuna da tsohon oganka, mai jifanka da sifana in ka makara. Yana nan da ransa. Ido ya yi rauni, amma kunne da hannu ras.

Ya sa aka yi wa tayoyi waigi, aka bar giya a firi, muka shimfiɗa kwali muka kwanta ƙarƙashinta. Ya damƙe farfela, dogon ƙarfen nan da ke kai juyi daga giya zuwa aksil, da hannu ɗaya, ya riƙe bakin aksil da ɗayan, ya murɗa su gaba da baya. Ni da idona na ga farfela tana motsi kafin aksil ya amsa. Ya laƙato wata jar ƙura a gefen kuros ɗin baya, wato gaɓar da ke haɗa farfela da aksil, kamar garin barkono, ya shafa min a hanci, wai in shaƙi rowata, shekara nawa rabon da in sa giris a wurin? Kafin a kwance ya yi alama da alli, don a mayar da farfela yadda take, kada ta dawo da rawa. Da aka cire kofunan kuros, ƙananan allurai na ciki sun zama gari. Ya kuma gano notocin da ke ɗaure sifirin na hagu da aksil sun saki, har ƙarfen ya goge yana sheƙi.

Af, ka ji ɗan autan Inna ya kai kuɗin gaisuwa? Yaron da muke aike sayen ƙosai! Bayan girbi za a sa rana. Kai kuma gemu ya fara furfura kana ta cewa sai ka gama gini.

To, aksil. Da farfela ta fita, oga ya juya bakinsa hagu da dama, na ji wasa, gabana ya faɗi. Ya ce in kwantar da hankali. A cikin aksil, tsakanin babban haƙori da ƙaramin da ke juya shi dole a bar 'yar tazara, Toyota ta ce milimita 0.13 zuwa 0.18, bai kai kaurin takarda biyu ba. In ka haɗa da wasan ƙananan giyoyin ciki da na sandunan taya, hannu sai ya ji kamar da yawa. Abin tsoro shi ne bakin aksil ya motsa sama da ƙasa. Oga ya girgiza shi. Ya motsa, kaɗan dai, amma ya motsa, ga kuma mai yana tsattsafowa ta bakin. Aka tsiyaye man, wanda ya kamata ya kai wajen lita biyu, ko rabi bai cika ba, baƙi ƙirin. Maganaɗisun jikin notin tsiyaya ya tara laushin ƙarfe kamar gashin jariri, sai dai ba ɓaraguzan haƙori, alhamdu lillahi.

Wani yaronsa ya jawo dogon bututu zai ƙara ɗaure babban notin bakin aksil, oga ya daka masa tsawar da ni ma sai da na zabura. Ashe akwai wani zobe a ciki da ke lotsewa daidai gwargwado. In aka wuce da ɗauri, boris zai ƙone kafin mu kai Zariya.

Yanzu an sa sabon kuros, an ɗaure sifirin, an zuba man giya mai lamba 90. Gwaf ɗin ta tafi. Sai dai in na saki totur a gangara ina jin wani siririn kuka daga baya, oga ya ce boris ɗin ƙaramin haƙori ne yake sallama. Ga kaka ta matso, na riga na yi alkawarin ɗauko masara daga Dandume zuwa Dawanau.

Don Allah ka leƙa Suwame, kasuwar kayan motar nan ta Kumasi, ka tambayo min kuɗin boris biyu na ƙaramin haƙorin da zoben da robar tare mai, na asali nake so. In sun fi sauƙi a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ka faɗa min gaskiya, kada ka ci riba da ni. Oga ya ce in gaya maka har yanzu yana bin ka sifana mai lamba 14.

Ka gaida uwargida da yara. Inna tana ta tambayarka.

Naka,
Abokin cin ƙosai