Mun je kufan Bodie, amma ba mu taɓa zuwa Surame ba

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in ba masu karatu labarin wani kufai da na je gani a Amurka.

Mu uku ne, abokai tun muna 'yan aji ɗaya a sakandare, yau ga furfura a gemun kowa. Ɗayanmu ya daɗe yana zaune a jihar Kaliforniya, shi ya nace kada mu koma gida ba mu ga Bodie ba. Muka yi ta yi masa tsiya a mota: duk benayen ƙasar nan ka rasa inda za ka kai baƙi sai kango?

Daga kusa da wani gari, Bridgeport, ake barin babban titi, mil uku na ƙarshe kuma babu kwalta, sai ƙura da gargada. Bodie yana kan tudu, sama da ƙafa 8,000, ba inuwar bishiya, iska kamar tsakiyar hunturu. Tafiya kaɗan na yi na fara haki.

A 1859 aka gano zinariya a wurin. Mutumin da garin ya ci sunansa, Bodey, ko ɗanɗana arzikin bai yi ba, dusar ƙanƙara ta kashe shi. Wajen 1879 mutane dubbai sun cika garin, ana cewa gidajen giya kaɗai sun kai 65. Daga nan zinariya ta fara ja da baya, gobara ta ci garin a 1892, ta sake ci a 1932, a 1942 kuma gwamnati ta tsayar da haƙar zinariya saboda yaƙin duniya na biyu, 'yan ragowar suka watse. Tun 1962 jihar ke kula da wurin.

Kular ce ta sa na ɗauki biro. Ba su sabunta komai, ba su kuma bari ya faɗi. In rufi ya fara yoyo a toshe, in gini ya karkace a tokare shi da katako, shi ke nan. Ba fenti, ba siminti. Na kafa fuska a tagar makarantarsu, ga kujerun yara a jere, ga allo, ƙura ta kwanta a kan komai. A wani shago gwangwanaye na nan kan kanta, kai ka ce mai shagon fita ya yi zai dawo. Mu da muka zo da surutu sai ga mu muna magana ƙasa-ƙasa.

Na ukunmu, wanda tun muna yara hannunsa ba ya zama wuri ɗaya, ya tsinci wata tsohuwar ƙusa zai jefa aljihu. Mai masaukinmu ya ce, "Malam, ajiye musu abinsu." Doka ta hana ɗaukar ko da tsinke, ga kuma camfin cewa tsiya na bin duk wanda ya ɗauka, har wasu kan mayar da abin ta gidan waya da wasiƙar ban haƙuri. Ni ban yarda da camfi ba, amma na lura abokin namu bai tsaya musu ba.

A hanyar dawowa muka yi lissafi. Bodie bai cika shekara 170 ba. Surame, tsohon birnin Sarki Kanta na Kabi da kufansa ke jihar Sakkwato, tun ƙarni na 16 yake. Ganuwar Kano ta girme shi nesa ba kusa ba, ga shi muna kallo ana cin ta da gine-gine da ɗibar ƙasa, in kuma an ce za a gyara wani abu, sau da yawa rushewa ake yi a zuba siminti. Muna cikin kumfar baki sai mai masaukinmu ya tambaye mu wa ya taɓa zuwa Surame a cikinmu. Mota ta yi tsit. Ko ni da ke rubuta wannan ban taɓa ba.

Mun sa ranar zuwa bayan damina. Kafin nan ina roƙonka ka tura wakilinka na Sakkwato da kyamara, ya nuna mana abin da ya rage na ganuwar da kuma halin da hanyar ke ciki.

Naka,
Wani mai karatu daga Kaduna